Fuskar Dokta Sada Ta Ishi Kimiyya

Allah ya yi wa Daura baiwa da Dokta Sada, masanin halayyar ɗan Adam, wanda ɗalibansa ke kira Sarkin Ƙwaƙwalwa idan ya ba da baya. Mutum ne da ba ya amsa sallama sai ya gyara tabarau. Abu ɗaya ya rage masa a duniya, kujerar farfesa, ita kuwa ba ta samuwa sai da bincike.

Binciken ba wuya. A nuna wa mutane hotunan fuskoki, su faɗi mai fushi, mai tsoro, mai murna. Abokiyar aikinsa, Malama Adawiyya, ta ce masa irin hotunan nan suna nan jibge a intanet, masana sun tantance su, kuma kyauta ne.

"Kyauta?" Dokta ya yatsine. "Ni Sada in yi bincike da kayan sadaka? Fuskokin da kowa ya gama kallo? Malama, ga fuska Allah ya ba ni!"

Ya sha babbar riga, ya kafa hula, ya nufi shagon mai hoto. Ya zare ido, aka ɗauka. Ya washe baki, aka ɗauka. Ya kwaɓe fuska, aka ɗauka.

Don ilimi ya kai ga dangi, sai ya kai gwajin Zango, garin surukansa. To, wa zai kalli hoton surukin gari, ga shi tsaye a kansa, ya ce wannan fuskar matsoraci ce? Matan gidan surukan dai, kunya ta hana su ɗaga ido. Maza kuwa kowane hoto aka miƙa musu, amsa ɗaya ce: "Masha Allah, kwarjini!"

Daɗi ya kashe Dokta. Ya rubuta sakamako, ya tsaya gaban kwamitin ƙarin girma yana kumbura.

"Na gano abin da Turawa suka kasa ganowa," in ji shi. "Akwai fuskar da ta fi ƙarfin tsoro da baƙin ciki, ƙwaƙwalwa ba ta ganin komai a cikinta sai kwarjini."

'Yan kwamitin ba surukansa ba ne. Suka karɓi hotunan, suka juya su, suka haɗa kai.

"Mu ma abu ɗaya muka gani a dukkansu, Dokta," in ji shugabansu. "Mutum ne da ciki ya ɗaure masa."

Kujera dai ba ta samu ba. Amma wani farfesa mai tausayi ya bi shi har mota, ya ce ya riƙa shan jiƙon tsamiya da safe.