Ranar da Kwamfuta ta Ciyar da Manya

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka kawo kwamfuta makarantarmu a Kontagora ba, wajen ƙarshen mulkin soja. Guda ɗaya ce tal, kullum a lulluɓe da atamfa. Ni ne malamin lissafi, kuma na taɓa zuwa wani ɗan kwas a Minna, sai aka danƙa mini ita. (Abin da na koyo bai wuce kunnawa da kashewa ba, amma wa zai tona?)

Nan na ɗau alwashin kawo gyara. Littafinmu cike yake da misalan tuffa, alhali ɗalibaina 'yan Beri da Tungan Magajiya ba su taɓa ganin ta ba. Na zauna na buga darasin rabawa da Hausa, da tsire da waina da buhun gyaɗa. Don ƙarin armashi har na sa sunayen manyanmu. Sannan na gano maɓallin da ke sa ta karanta rubutu da murya. Na gwada da "sannu da zuwa", ta faɗa kamar Bature mai mura, na ce madalla. Sauran darasin ban saurara ba.

Ranar taron iyayen yara aji ya cika maƙil. Ga Alhaji Ɗanjuma shugaban iyaye, ga Malam Bawa shugaban makaranta, ga ɗalibaina da na hora su riƙa amsawa da ƙarfi. Na gyara babbar riga na ce, "Ranku ya daɗe, yau inji zai koyar da lissafi da harshenmu."

Na danna. Ta ce, "Alhaji Ɗanjuma ya sayi tsire, ya raba kaaashii uku."

Kashi na rabo na rubuta, ita kuwa ta ja kalmar har ta koma wancan na bayan gida.

"Ya ci kaashii ɗaya. Ya ba Malam Bawa kaashii biyu. Kaashii nawa Malam Bawa ya ci?"

Yara suka haɗa baki: "Biyu!"

Na yi wuf zan kashe ta, sai na yi kuskure na danna maimaitawa. (Wutar da kullum ake ɗaukewa, ranar ko ƙiftawa ba ta yi ba.) Mata suka cusa fuska cikin gyale, wani dattijo ya fita waje yana tari.

Alhaji ya dube ni ya ce, "Malam, gaya wa injin nan ni yau azumi nake."

Malam Bawa kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "To ni me na yi maka da ka ba ni biyu?"

Har na bar makarantar ban sake jin sunana na yanka ba, sai dai "Malam Mai Rabo". Ni kuwa tun daga ranar ba na miƙa wa baƙo lasifika sai na ji Hausarsa daga farko har ƙarshe, ko da daga Turai ya zo a kwali.