Barcin Ƙarya A Ajin Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka sa ni barcin ƙarya a ajin surukina ba, ko da tsufa zai kwashe sauran abin da ke kaina.

Zamanin kuɗin mai ne, gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga makaranta, ga shi babu isassun malamai. Ni a lokacin masinja ne a wata kwalejin horon malamai a nan wajenmu Kazaure, can gindin duwatsu. (Karatuna aji biyu ne a elemantare, shi ma rabinsa a bakin rafi na yi shi.) Aikina kai takarda ofis-ofis, da buga ƙararrawa, wato wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a jikin darbejiya.

Wani hutu sai aka ce su ma malaman kwalejin za a yi musu bita. Na ce ikon Allah, ashe malamin malamai ma yana da malami! Aka turo wani Dakta daga Zariya, dogo mai farin gilashi, ya yi ta koya musu yadda ake tsara darasi, da yadda ake riƙe aji, da yadda ake shugabantar abokan aiki ba tare da an yi baram-baram ba. A ƙarshe kowa zai koyar a gabansa, kuma da abin da ya gani za a zaɓi shugabannin sassa.

Cikin masu neman shugabancin sashen lissafi akwai Malam Habu, mutumin Gwiwa, yaro mai kunya kamar amarya. Shi ke auren Hajara, 'yar yayana, wadda a hannuna ta tashi. Kun ga ke nan surukina ne sosai. Ko a hanya ya hango ni, sai ya cire takalmi ya durƙusa. Hajara kuwa tun kafin ranar ta aiko mini da fura, wai Baba a taya su da addu'a.

To ɗalibai sun tafi hutu, wa za a koya wa? Sai aka tattaro mu, ni da kuku da direba da masu gadi da leburori, aka ce mu ne 'yan aji. Dakta ya ja ni gefe, bai san tsakanina da Habu ba.

"Malam, kai na ga idonka a buɗe yake. In darasin Malam Habu ya yi nisa, ka kifa kai kamar kana barci. Ina so in ga ko malamin zai lura, da yadda zai yi da kai."

"Ranka ya daɗe, an gama. Har minshari in kana so."

"A'a, ban da minshari."

Da ina da hankali, a nan zan ce masa a ba wani, don ga surukuta, ga shi ni dama barci halina ne. Amma na ji daɗi a ce duk cikin ma'aikata ni aka zaɓa. Na ma ƙudura a raina cewa Habu na ɗan gyara murya zan farka, ya samu makinsa a ɓagas. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne abincin bita. Shinkafa ce da kaza, ga lemon kwalba, abin da sai da salla nake gani. Na ci nawa, na taya mai gadi da nasa.

Bayan azahar Habu ya shigo da alli a hannu. Yana ganina a layin gaba na miƙe ƙafa, ya sunkuyar da kai. Ya fara bayanin yadda ake raba abu gida uku a ɗauki ɗaya, har ya yanka lemon zaƙi ya nuna mana. Fanka na juyawa a sama. Na ce bismilla, na kifa kai a kan benci, wai ni ga gwanin wasa.

Sauran labarin a bakin kuku na ji shi. Ya ce minsharina har tagogi yake girgizawa. Habu ya gani sarai, amma wane mutum ne zai daka wa surukinsa tsawa a bainar jama'a? Ya sa aji su maimaita da ƙarfi, ban motsa ba. Ya saki littafi a ƙasa, ban motsa ba. Dakta na ta rubutu, Habu na ta gumi. Direba ya raɗa masa, "Malam, in zungure shi?" Ya girgiza kai.

Da ya rasa yadda zai yi, sai ya ajiye alli, ya cire takalmi, ya durƙusa a gefena.

"Baba. Baba, sannu da hutawa."

Na buɗe ido na ga rana ta karkata, ga shugaban kwaleji a bayan aji yana hararata. Abin da ya faɗo mini shi ne na makara da ƙararrawa. Na yi wuf na tsallake Habu, hula a ƙasa, miyau a gemu, na ruga gindin darbejiya na dinga dukan ƙarfen nan kamar gobara ta tashi. Leburori suka ji ƙararrawar tashi, suka watse. Darasin Habu ko rabi bai kai ba.

Ina cikin bugu na waiwaya, na ga Dakta da shugaba da malamai duka a baranda suna kallona. Wallahi da ƙasa ta tsage da na gode mata.

Na tuna furar Hajara, na ja ƙafa na je na tsuguna gaban Dakta.

"Ranka ya daɗe, laifina ne. Yaron nan 'yata yake aure. Ko wuta ce ta kama rigata, sai ya yi sallama kafin ya kashe."

Dakta ya cire gilashi, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce shi duk littattafan da ya karanta babu inda aka faɗi yadda ake tayar da suruki a aji. Shugaba dai bai yi dariya ba, ya ce, "Aiki ɗaya tak da aka taɓa ba ka ka yi shi fiye da yadda aka ce, shi ne wannan."

Washegari aka sake ba Habu dama, ni kuma aka aike ni Babura da wata takarda da har yau nake zargin babu komai a cikinta. Ya koyar lafiya, aka ba shi sashen. Har ya yi ritaya bai taɓa tayar mini da maganar ba, wanda ya fi zagi ciwo. Hajara ce dai in na je gidansu takan ce, "Baba, a kawo matashi ko tabarma ta isa?"

Tun daga nan na gane kowa da irin ƙaryar da jikinsa zai iya ɗauka. In za a sa ka kwaikwayon wani hali, roƙi a ba ka wanda ba naka ba.