Yadda Ake Zaɓen Wayar Lasifika Idan Matarka Tana Kalgo

Kai da matarka ta tafi gidansu wankan haihuwar fari, arba'in ta wuce, wata uku ya wuce, surukinka ya yi gum da maganar dawowarta, matso kusa. Maganinka yana cikin wayar lasifika. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, kafin mako ya zagayo surukinka zai san irin mutumin da ya ba 'yarsa. Lawali direba na Gwandu ya bi su shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, bai tsallake ko ɗaya ba.

Mataki na ɗaya: Gano matsalar da kanka

Kada ka tambayi kowa. Lawali ya ji ƙishin-ƙishin cewa surukinsa, Malam Sambo na Kalgo, ya ce 'yarsa Indo ba za ta koma ba sai mijinta ya natsu. Wani da ya ji haka sai ya yaɓe ɗakin da ke yoyo, ya aika da buhun gero. Lawali kuwa ya taɓa shekara biyu a Legas. Ya zauna ya yi nazari, ya gane cewa tsohon bai san yana da rakoda mai lasifika biyu da batirin mota ba ne kawai. Da ya sani, ai da tuni ya sako Indo a mota.

Mataki na biyu: Raina wayar da ta zo cikin kwali

Siririya ce kamar taliya, kuma ba ta fi kamu uku ba. Wanda ya haɗa ta ya ɗauka don kanka za ka saurari waƙa. Wa ya taɓa sayen rakoda don kansa? Jefa ta bayan gado.

Mataki na uku: Nemi kauri

Shiga mota zuwa Birnin Kebbi. In ka isa rumfar masu kayan wuta, kada ka yi saurin magana. Ɗauki waya, lanƙwasa ta, shinshina ta, feɗe bakinta da reza ka ƙura wa jan ƙarfen ido. Ba sai ka san abin da kake dubawa ba, girgiza kai kawai kake yi.

Lawali har cizawa ya yi. Hassan mai rumfar ya ce masa, "Malam, wagga ta ishe ka, ita kowa ka saye."

"Ni na yi maka kama da kowa? Ɗauko waccan."

"Waccan ai ta masallacin Juma'a ta."

"To ita nika so."

Ka riƙe wannan: waya mai kauri ba ta zubar da murya a hanya. Duk abin da ya shiga ta nan, haka zai fita ta can, ko numfashi ba ya ɓata.

Mataki na huɗu: Kada ka yi rowar tsawo

Lasifika ɗaya a ɗakinka, ɗaya a saman ƙofar zaure, tana kallon hanya. Lawali ya ja tasa ta taga, ta bi kan danga, ta ratsa tsakar gida, ta zaga bayan rumbu. Kwana biyu kacal matan gidan suka fara shanya zannuwa a kanta, akuya ta gwada haƙorinta sau ɗaya ta haƙura. Kai dai ka tabbata duk mai zuwa daga Kalgo zai ji gidanka tun daga tasha.

Mataki na biyar: Kala ɗaya

A nan ake gane ɗan birni. Hassan ya ce, "Ɗauki ja ta waje, baƙa ta ɗaki, don ka san wacce kaka cirewa." Lawali ya dube shi da tausayi. Waya ja da baƙa a ɗaki guda, sai ka ce kayan 'yar tsana? Ya sayi baƙa wuluk duka biyu, suka shiga bayan rakoda a jere, ko shi da ya ɗaura su ba ya bambanta su. Kyau ke nan.

Mataki na shida: Gwada ta da abin da ya fi komai muhimmanci

Duk da wannan aiki, Indo ba ta dawo ba, kuma gaskiya Lawali yana kewarta. Abinci ba ya shigarsa. Ɗansa Usmanu ma sau biyu ya gan shi, daga nesa, yana kawar da kai kamar yadda ake yi wa ɗan fari. Ya so ya rubuta wasiƙa, amma Indo ba ta yi boko ba, sai an nemo mai karanta mata, asiri ya tonu. Sai ya sayi sabon kaset.

Da hantsi ya kulle ɗaki, ya danna jan maɓalli, ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa mahaluki ba. Da ya gama sai ya so ya ji yadda ta fito. Ya miƙa hannu bayan rakoda, ya zare wayar waje. Wato ya zare ɗaya daga cikin baƙaƙen nan biyu.

Mataki na bakwai: In ba ka ji komai ba, ƙara murya

Kaset na juyawa, ɗaki shiru. Lawali ya murɗa kaɗan, shiru. Can nesa yana jin wani gunaguni, ya ce batir ne ya yi sanyi. Ya murɗa har ƙarshe.

Abin da bai sani ba, Malam Sambo ya sauka daga mota tun ɗazu. Yana zaune a zaure da Baffa Atiku, ƙanin mahaifin Lawali, da dattawan unguwa uku, an ajiye ƙwaryar fura. Ya gama gaisuwa, ya gyara rawani, ya fara cewa, "Dama na zaka ne kan maganar yarinyar nan, mun ga a maido ta ran Juma'a..." Indo ce 'yarsa ta fari, shekara ashirin bai taɓa kiran sunanta ba.

Sai daga saman kansa: "Indo. Indo tawa. Indodo."

Baffa Atiku ya ɗaga ludayi ya kasa kai shi baki.

"Wallahi ban barci. Zanenki da kinka bari, shi nika rungumewa. Ki sumbaci Usmanu, ki ce mai babanai na son shi."

Daga nan kuka ya biyo baya, da jan majina, tsaf ba gargada. Mai nama ya bar tukuba, masu ɗinki suka tsai da keke. Na gaya maka waya mai kauri ba ta zubar da komai.

Malam Sambo ya ja gefen rawani ya rufe fuska, ya miƙe, ya fita. Sai da ya kai tasha aka lura ba takalmi a ƙafarsa.

Mataki na takwas: Jira

Tsohon bai yi fushi ba, da fushi ne ai da an ba shi haƙuri. Kunya ce. Maganar dawowar Indo sai an zauna, shi kuma ya rantse ba zai iya sake haɗa ido da kowa daga gidan nan ba. In ya hango motar Lawali a kasuwar Kalgo, sai ya shige rumfar masu gishiri. An aika Baffa Atiku biko, suka gaisa, suka dubi ƙasa, suka sake gaisawa, Baffa ya dawo. Ta ina zai fara?

Kaset ɗin bai je Kalgo ba, kuma ba a bukata. Kafin Juma'a masu tallar nono sun kai wa Indo shi baki da baki, har da kukan.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Bai san surukinka ba, ba ya zuwa biko, kuma kada a kawo masa takalmin kowa ajiya. Aikinsa ya sa a ji ka, kuma an ji ka. Game da Lawali, rufin ɗakinsa yana nan yana yoyo, lasifikarsa ba ta da na biyu a Gwandu. An ce Usmanu ya fara tafiya, yana kuma kiran Malam Sambo Baba.