Gangar Ƙauyenmu Ta Shiga Hannun Doka

Jama'a, ku taya ni murna, na zama babban mutum. Ni da ko launin labule ba a tambayata a gidana, yau ga ni tsundum cikin harkar tsaron duniya.

Masu Girma na babban birni, Allah ya ƙara wa kujerunsu laushi, sun yi doka sun ce rundunar wata ƙasa mai nisa ita ke ɗaure wa 'yan ta'adda gindi. Madalla. Sai dai babbar gangar da nake bugawa a ƙungiyar makaɗan ƙauyenmu kyautar rundunar nan ce, tun zamanin da Masu Girman ke zuwa can cin liyafa. Tambarin rundunar na nan ɓaro-ɓaro a jikin fatar. Ga faretin bazara ranar Asabar, wanda tun ina da gashi ban taɓa fashinsa ba.

Da hantsi sai ga Ƙaramin Mai Girma, wakilin hukuma a ƙauyenmu, a kan kekensa, ruwan sama na ɗiga daga hularsa. Ya ce fito da gangar titi goyon bayan ta'addanci ne. Na ce to, in shafe tambarin da fenti. Ya ce ina, kayan da doka ta riƙe ba a sauya musu kama. In jefar fa? Matata Tjitske ta riga shi amsawa, wai a gidan nan ko kwalbar da aka cinye zumarta ba a jefarwa.

Sai muka yi abin da muka fi iyawa, wato taro. A sha kofi, biskit ɗaya-ɗaya, a rufe gwangwanin biskit ɗin. Ba a tashi sai kowa ya yarda. Maƙwabcina Sjoerd, mai busa ƙaho, ya kawo shawarar a ɗaure ni tare da gangar, kunnen gari ya huta.

"Tsohon banza," na ce, "saniyarka ma ta fi ka iya busa."

Ƙaramin Mai Girma ya juya dokar gaba da baya, bai ga inda ta hana sauti fita ba. Aka daidaita: ganga ba za ta bar rumfar kekunana ba, ni ba zan bar ganga ba, 'yan fareti ne za su yi ta kewaya gidana.

Haka kuwa aka yi. Ina ciki, tsakanin injin yankan ciyawa da tsofaffin tayoyi, ina jibgar ta, gumi sharkaf, gari kaf na zagaya ni. Ban taɓa cin biki mai daɗin wannan ba.

Na ji jiragen ruwan waccan ƙasa mai nisa har yanzu suna sauke kaya a tasharmu lafiya lau. Kada ku zargi Masu Girma. Ina za su samo rumfa mai wannan girman?