Ranar da na gyara wa malamin yoga Hausa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je gyaran baya na ɓige da gyaran Hausa ba. Shekara ashirin ina sayar da katako a kasuwar Katako, kuma a layinmu ni ake kira idan gardama ta kaure, ta ƙwallo ce ko ta nahawu. Da ciwon baya ya matsa mini, likita ya ce in gwada yoga. Na ja Sale maƙwabcin shagona (babban kuskure, don Sale rediyo mai jini ne) muka tafi wani ɗakin motsa jiki a Bukuru.

Malamin, wani Oga Dung, a kasuwa ya koyi Hausarsa. Yana shimfiɗa tabarmi ya ce, "Yau za mu yi yin yoga."

Na yi gyaran murya a gaban mutum goma sha biyu. "Oga, ba a cewa yi yin. Ko mu yi yoga, ko yin yoga. Ɗaya ya isa."

Ya yi murmushi. "Alhaji, wannan yin ba naka ba ne. Na Sinawa ne, sunan salon ke nan."

Sale ya hau tarin ƙarya don ɓoye dariya.

Na ƙudura zan fanshe a aikace. Aka ce mu zauna, mu haɗa tafin ƙafa, mu sunkuya minti biyar ba motsi. Oga Dung na zagayawa yana bayani cewa ɗan jan da muke ji shi ne maganin, matsi kaɗan yana ƙarfafa gaɓoɓi, yana koya wa zuciya haƙuri, amma kowa ya tsaya inda jikinsa ya tsaya. Ni kuwa na hango wani tsoho ya kusa kai goshi ƙasa, na ce wallahi sai na wuce shi.

Na wuce shi kuwa. Da aka ce a tashi, kowa ya tashi sai ni. Ƙugu ya riƙe, ƙafafu suka ƙi rabuwa. Sai da Sale da tsohon nan suka ɗaga ni cak, a dunƙule kamar kazar da za a kai kasuwa. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Kafin azahar ɗin Litinin duk Katako ta ji, har da ƙari.

Ban daina zuwa ba, kuma bayana ya yi sauƙi, don yanzu ina tsayawa inda jikina ya tsaya. Bakin ne dai har yau nake koya wa zaman minti biyar ba motsi.