Yadda Za Ka Zaɓi Mazaunin Kibiya Alhali Ɓera Na Kicin

Ɗan'uwa, kai da ka sayo bakan zamani mai tayoyi ka rataye a falo, kana faɗa wa duk baƙo cewa kakanka maharbi ne, kai nake nema. Ga ɓera ya tare muku a kicin, matarka Rabi'atu kuma ta rantse in Juma'a ta zo yana nan, gidan yayarta a unguwar Dokki, nan Giza, za ta koma. Bi matakan nan, ni na lamunce maka: ko kibiya ɗaya ba za ka harba ba, kuma sunanka na maharbi ba zai taɓu ba.

1. Hana tarko shiga gidan

In ta ce a sayo tarko, ka dafe ƙirji. "Haba Rabi, jikan maharbi da tarko? Me maƙwabta za su ce?" Maƙwabtan ko sunanka ba su sani ba, amma ba sai ta ji wannan ba.

2. Gano abin da ya rage

Ce mata bakan bai cika ba sai da mazaunin kibiya, ɗan ƙarfen nan da ke tallafe kibiya, da ka sake ta ya faɗi ya ba ta hanya. Alhamdu lillahi, iri biyu ne. Da iri ɗaya ne, wallahi da ka shiga uku.

3. Yabi na farko

Shi a jikin wayar bakan ake ɗaure igiyarsa. Rungume kibiya yake yi, ko da rarrafe kake bin barewa ba za ta zame ba. Ka yi mata wannan bayani a tsanake, tana tsince kashin ɓera daga shinkafa. Aibinsa ɗaya, saitinsa sai gwani, gwanin kuwa sai ka hau jirgin ƙasa na metro ka bi da ƙaramar bas ta mikrobas kafin ka kai gare shi. Je ka, sha shayinsa, dawo hannu rabbana.

4. Washegari sauya sheƙa

Na biyun a reshen baka ake ɗaure shi, saitinsa ba wuya. Sai dai igiyarsa doguwa ce, tana iya sarƙewa a ƙaya. In ta ce, "Malam, wace ƙaya ce a hawa na biyar a Giza?" ka yi mata murmushin tausayi. Ilimin daji ba kowa Allah ya ba ba.

5. Guji mai gadin bene

Magen da ke kwana a matattakala mai gadin zai ce ka ɗauka. Kul! Mage ba ta san darajar nazari ba.

6. Tsaya kan bakanka ranar Juma'a

Maƙwabciyarku Khala Awadiyya za ta shigo taya ta ɗaukar akwati, a daidai nan gogan naka, ɓeran, zai leƙo daga bayan firiji. Ɗaga hannu ka ce, "Ku dakata, na kusa yanke shawara!" Kafin ka rufe baki Rabi'atu ta zare shibshib ɗin ƙafarta, silifas na roba, tau! Khalas, ɓera ya gama yawo.

Kada ka rikice. Duƙa ka duba gawar, ka ce, "Sa'a ce kawai, ko saiti ba ki yi ba. To, a mayar da akwati."

Za ta sa takalminta ta dube ka. "Malam, shi ɓeran ko ba komai kullum yana fitowa ya yi abin da ya kawo shi. Yalla, mu tafi, Khala."

Hattara

Ni dai alkawarina na cika: ba ka harba ba. Batun akwati, da tukunyar da ta daina hawa wuta, da wayarka da ba a ɗagawa a Dokki, babu ruwana, kada a neme ni. Ma'alish, sai haƙuri. Ga gida nan ya yi tsit, zauna ka zaɓa a natse. In kuma zuwa biko za ka yi, hanya biyu ce, metro ko tasi, kuma kowacce da aibinta.