Asabar Ɗin da Na Rage wa Ummi Shekara

Ko na manta lambar ƙofarmu a unguwar Soundview ta nan Amurka (kuma nakan manta, sau biyu ina zura makulli a ƙofar wani ɗan Ghana), ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tashi rage wa jikata shekara ɗaya ba.

Bari in fara gabatar da kaina, kada a ɗauka ɗan koyo ne ya yi wannan aiki. A aji huɗu na tsaya a firamare, amma a ilimin shekaru ni farfesa ne. Sau uku ina zuwa kotu a Kano karɓar takardar ranar haihuwa, kuma kowane zuwa da ranar da nake faɗa, Allah Ya yafe mana. Na farko na ƙara biyu don in samu lasin tuƙi. Na biyu na rage huɗu don masaƙa ta ɗauke ni aiki. Na uku na sake zaftarewa da na hango ritaya tana leƙo ni. A fasfo kuwa ɗaya ga Janairu aka haife ni, ni da duk tsofaffin masallacinmu, ka ce iyayenmu mata shawara suka yi. Abin da mahaifiyata ta sani shi ne ana roron wake na zo, kuma ba ta cika kwandonta ba.

Jikar tawa sunan marigayiya matata ta ci, shi ya sa ubanta, ɗana Nasiru, ba ya iya kama sunan, muke ce mata Ummi. Shekararta takwas lokacin da Nasiru ya ɗauko ni daga Kano, bayan rasuwar kakarta. Shi yana tuƙin tasi, matarsa tana aikin kula da tsofaffi (tsofaffin wasu, na gida ba ya cikin jerin), sai aka danƙa mini aiki ɗaya tak: kai Ummi atisaye duk Asabar da safe.

Wasan nasu ciya suke ce masa. 'Yan mata ne za su jeru su yi ihu tare, su yi alkafura, su cilla ɗaya sama su cafe, alƙalai na ba da maki. Da aka bayyana mini na ce wannan ba wasan 'yar mutunci ba ne.

Nasiru ya ce, "Baba, da dogon wando da hijabinta take yi. Je ka gani tukuna."

Na je ne don in samo hujjar hanawa. Ina zaune aka cilla Ummi sama, ta buɗe hannuwa tana dariya, ga wushiryar kakarta sak. Na saki salati da ƙarfi har wata Ba'amurkiya ta miƙo mini ruwa. Tun ranar ban sake fashi ba.

Shekara biyar muna wannan hanya. Ni ke riƙe jaka, ita ke riƙe katin bas don ta ce ba a yarda da ni ba. Ina mata Hausa tana mayar mini da Turanci, kuma a haka muke hirarmu lafiya lau. A bas ɗin nan na ba ta labarin kakarta kaf, har da ranar da ta kore ni da muciya. In muna dawowa barci ke ɗauke ta a kafaɗata, ƙyalƙyalin da suke shafa wa fuska ya zube mini a gemu. A masallaci har suna aka laƙaba mini, wai Alhaji Ƙyalƙyal.

Sai ga takarda daga ƙungiya. Dokarsu ce: rukunin ƙanana iyakarsa shekara goma sha biyu. Duk wadda ta cika sha uku kafin ranar rufe rajista sai ta koma rukunin manya. Su kuma manyan can unguwar Queens suke atisaye, Talata da Alhamis bayan makaranta, uwar ɗayarsu ce ke kwasarsu a mota. Na tambayi kujeru nawa ne a motar. Babu ta tsoho.

Da sati uku kacal Ummi ta haye layin. Sati uku, jama'a! Ni da na taɓa haɗiye shekara huɗu ba tare da na sha ruwa ba.

Ban shawarci kowa ba. Na ce wa kaina tausayin yarinya nake ji, za a raba ta da ƙawayenta. Na samu farar takarda na tsara bayani da Turancin aji huɗu, na shafa tawadar biro a babban yatsa na dangwala a ƙasa. Ranar taron iyaye na ƙarshen kakar wasa na zuba babbar riga mai aska, na kafa hula, don takarda ba ta yin nauyi sai da rigar mai ita.

Iyaye na kan kujeru, yara na zaune a katifun atisaye. Kocinsu, wata doguwa mai suna Tanisha, ta fara kiran waɗanda za su koma rukunin manya. Tana cewa Ummi na ɗaga hannu.

"Na'am, Granfa?" in ji ta. Haka suke kirana duka, wato Kaka da Turancinsu.

Na miƙe, na gyara murya, na karanta. Ga ma'anarsa: ni da na dangwala yatsa a ƙasa, babban gidanmu, na tabbatar yarinyar nan shekararta goma sha biyu. Abin da ke takardar asibiti kuskure ne, wataƙila mai rubutun ta gaji a ranar.

Wurin ya yi tsit. Na ɗauka kwarjinin rigar ne.

Koci ta ce a hankali, "Granfa, kana nan aka haife ta?"

"Ina Kano," na ce. "Amma an yi mini waya."

Hajiya Rabi, wata 'yar Nijar da 'yarta ke cikin ƙungiyar, ta jawo gefen rigata. "Alhaji, don girman Allah zamna. Nan ba gida ba ne, su har mintin haihuwa rubutawa suke."

Na fizge rigata. Na ce a wajenmu shekarar yaro babba ne ke faɗinta, ba takarda ba. A nan ne wata uwa, mai kirki ce wallahi, ba da mugunta ta yi ba, ta ɗago wayarta ta ce ai dukansu sun je bikin haihuwar Ummi watan jiya, ga ma bidiyo.

Mai karatu, ni ne a bidiyon. Cikin wannan rigar dai. Hannun dama na riƙe da balan-balan mai siffar ɗaya, na hagu mai siffar uku, kowanne ya kai tsawon akuya, ina taka rawar da ban san na iya ba, ina ihun sha uku da Turanci, "Tatin! Tatin!" Wayar ta bi layi hannu zuwa hannu. Da ta iso gare ni na duba da kyau na ce, "A haɗe ake sayar da su."

Dariyar da aka yi har mai gadi sai da ya leƙo. Wata uwa ta zame daga kujera. Ita kanta koci ta rufe fuska da fayil, kafaɗunta na rawa.

Duk wannan zan iya ɗauka, na sha dariya a rayuwa. Abin da ya karya ni shi ne Ummi. Ta miƙe daga katifa, sai a lokacin na lura ta kusa kamo kocin a tsawo. Yarinyar da shekara biyar ina roƙonta ta yi mini Hausa, ranar ta yi, don kada sauran su ji.

"Kaka, ka zauna. Ni ina so in tafi. Tun bara ina jira. Na yi nauyi, ba sa iya jefa ni. Yanzu ni zan kama wasu."

Na zauna. Hular ma sai na ji ta yi mini yawa.

A bas ba ta zauna kusa da ni ba, ta tafi can baya. Jakar ma ita ta rataya abarta. Na yi ta kallon titi hannuna ba komai sai takarda da baƙin yatsa. Saura tasha biyu mu sauka ta dawo ta zare takardar, ta karanta, ta ciro biro ta gyara mini kalma bakwai. Sannan ta ce da Turancinta, "Kaka, kai shekararka nawa, ta gaskiya?"

Na ce, "Wadda ta sani ta rasu, ita da waken."

Ta yi dariya har wushiryar ta fito, ta jingina kai a kafaɗata. Sai da ta ɗan sunkuya kafin kan ya kai.

Takardar tana manne a bangon ɗakinta yanzu, duk ƙawar da ta zo sai an karanta mata. Ran Talata da Alhamis nakan tsaya a taga in ga motar ta tsaya, ta faɗa ciki ba waiwaye. Asabar kuwa har yau nakan sa takalmi kafin in tuna ba inda za ni. Wani lokacin ta tausaya ta ce mu je mu sha iska a bas, amma wayarta take latsawa, kuma ba ta yin barci.

Darasin da na koya, ga duk tsohon da ke da niyya irin tawa: a ƙasar nan kafin ka rantse a kan komai, fara tambayar wa ya ɗauki bidiyo. Sannan naka shekarun rage su yadda kake so, ba mai damuwa. Na jika ba sa raguwa, wandonta ma zai ƙaryata ka. Rigar nan kuwa na hana a wanke ta. Akwai sauran ƙyalƙyali a kafaɗar hagu.